Tagar Malam Mahmudu Dispensa

A saman kabad ɗina akwai wani tsohon gwangwanin biskit, a cikinsa akwai ambulan ɗin magani ɗari biyu da goma sha huɗu. Na farko na watan Afrilu ne na 1984, na ƙarshe na Janairun 2002. Duk daga hannun mutum ɗaya suka fito, mai ba da magani a taga, Malam Mahmudu Dispensa. Ba da wata manufa na tara su ba. Mu da muka yi makarantar mishan a Wusasa an koya mana cewa ba a yar da takarda mai kwanan wata, kuma aikin akawu na shekara talatin da ɗaya bai rage mini wannan hali ba.

Asibitin da Malam Mahmudu ya yi wa aiki ƙarami ne, na kuɗi, a cikin wani tsohon gidan Turawa a nan Nassarawa, mai doguwar baranda da itatuwan mangwaro huɗu. Ɗakin maganin shi ne sito na kukun gidan a zamanin da, tagar da ake miƙo magani kuwa ta nan ake miƙa wa Bature abinci. Masu gidajen unguwar da safe suke zuwa, a mota, ta ƙofar gaba. Masu gadinsu da kukunsu da direbobi da masu ban ruwan fulawa sai bayan la'asar, da katin gidan maigida. Ni ina zaune a bayan gidan kamfanin da na yi wa aiki, tafiyar minti bakwai, kuma ranar Litinin ta farkon kowane wata nake zuwa karɓar maganin hawan jini.

Malam Mahmudu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau. Yana saurayi ya kai mahaifiyarsa jinya wani asibitin mishan, wata Sista Baturiya ta lura da tsabtar hannunsa, ta riƙe shi. Shekara uku ya yi yana koyon haɗa magani a wurinta, ya fito da sallarsa kamar yadda ya shiga da ita. Ya zaga ɗakunan shan magani na ƙauyuka, daga baya ya zo Kano ya sayi ɗan gida a Gama. Kullum ƙarfe bakwai da rabi baƙin kekensa na jingine a gindin mangwaro na biyu.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko tsarin kantocinsa. Ba bisa haruffa yake jera magani ba, bisa jikin mutum yake jerawa, yadda Sistar ta koya masa: na kai da ido da kunne a kanta ta sama, na ƙirji da zuciya a ƙasanta, sai na ciki, har a sauko ga man shafawar ƙafa a can ƙasa. Ba mai taɓa masa kwalba. Mai shara ma a bakin ƙofa take tsayawa ta miƙa masa tsintsiya.

Na biyu alamominsa. Yawancin masu zuwa bayan la'asar ba sa karanta boko, don haka a bayan kowane ambulan yakan ja zane biyar a tsaye, sallolin yini ke nan, ya sa ɗigo a ƙarƙashin wadda za a sha magani bayanta. Ni Kirista ne, amma ni ma ɗigon asuba yake sa mini.

"Ai ladan ba ya tsallake gidanka, Akawu," in ji shi. "In ka ji shi, ka haɗiya."

Da ya hango ni a baranda sai ya ɗaga murya: "Akawu, jinin ya sauko ko yana nan a bene?"

"Yana nan inda Salomi ta ajiye shi," nakan ce. Salomi matata ce.

Haka muke har watan Oktoba na 2001, lokacin da takarda ta zo daga hukumar da ke kula da harkar magunguna. Na gan ta da idona, don an manna ta a jikin ƙofa. Ta ce duk mai ba da magani a taga sai ya yi rajista: ya cike fom, ya kawo hoto da takardar shaidar inda ya koya, ya zauna wata gajeriyar jarrabawa a rubuce, kuma daga nan ya yi aiki a ƙarƙashin wanda ya karanci haɗa magani a jami'a. An ba da wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. Wanda sunansa bai shiga rajista ba, ba shi ba taga.

Mako biyu bayan nan likita ya ɗauko Zulaiha. Ba ta fi shekara ashirin da bakwai ba, da farar rigar aiki a kan hijabinta, da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya barin hannunta. Aka sa mata tebur a cikin ɗakin magani, inda shekara ashirin ba a taɓa sa kujera ta biyu ba. Tana kiransa Baba, yana kiranta Hajiya ƙarama, kowa na ladabi, kowa na kallon hannun ɗan'uwansa.

Fom ɗin kuwa ya shiga aljihun tebur bai fito ba.

Shekarun nan ba shekarun yarda ba ne. Soja sun koma bariki, an ƙaddamar da Shari'a, kuma duk takardar da ta fito daga ofis sai an juya ta an duba bayanta. Wasu 'yan majami'armu sun kwashe iyali sun mayar gida. Masu gadin unguwa kuma suna ganin duk wani fom hanya ce ta korar talaka a kawo ɗan wani. Don haka kowa da abin da ya karanto a cikin jinkirin Malam Mahmudu.

Bappa, tsohon maigadin asibitin, mutumin Jigawa, shi ya fara tare ni a bakin get.

"Baba Akawu, ka ga yarinyar nan da littafinta? Wallahi ko tari Malam ya yi sai ta rubuta. Turo ta aka yi."

"Wa ya turo ta?"

"Masu turowa mana." Ya waiwaya, ya rage murya. "Kuma ka san me ya hana shi fito da takardarsa? An ce akwai alamar gicciye a samanta. A wannan zamani ya kai wa hukuma takarda mai gicciye? Gobe ka ji an ce an taɓa tsoma shi a ruwa."

Da na kai wa Salomi wannan zance, tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gicciyen me? Babu takardar ne kawai. Nawa muka sani da suka yi shara a asibitin mishan suka fito suna allura?"

Na ce mutumin da ya riƙe ni shekara goma sha bakwai ba ɗan shara ba ne. Amma maganar ta zauna mini. A Litinin ɗin Nuwamba na tambaye shi kai tsaye.

"Dispensa, ina fom?"

"Yana hutawa."

"Kawo in cike maka. Aikina ne."

"Kai da ka yi ritaya? Bar biro ya huta shi ma." Ya karɓi katina, ya riƙe shi a gabansa. "Me likita ya ce yau?"

"Ga shi nan a rubuce."

"Rubutun likitan nan, sai ka ce kaza ta bi ta kan tawada. Faɗa mini da bakinka."

Na faɗa masa ba a canza komai ba. Ya juya, ya kai hannu kanta ta biyu, ya ɗauko kwalba, ya kaɗa ta kusa da kunnensa, ya zuba ƙwayoyin a faranti yana ƙirga su da ɗan yatsa. Zulaiha na zaune a bayansa, na ga ta rubuta wani abu.

Da na koma gida na buɗe gwangwanin zan ajiye ambulan, sai na tsaya na zazzage su duka a kan tebur na jera. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Daga 1984 har tsakiyar 1998, kowane ambulan na ɗauke da sunana da sunan maganin da kwanan wata, cikin rubutun haɗe irin namu na mishan, kowane harafi a kan layinsa. Daga nan sunan maganin ya ɓace. Bayan shekara guda sunana ma ya ɓace, kwanan watan ya zama hatimi. Abin da ya rage zane biyar da ɗigo, su ma sun yi kauri sun karkace.

A lokacin, kullum rediyo na maganar jabun magani, ana cewa ana cusa alli a kwali a sayar. Zuciyata ta tafi can. Mutum ya daina rubuta sunan abin da yake ba ka, ya ƙi rajista, ya hana kowa taɓa kwalabensa. Me kuma ya rage? Kwana uku ina kallon ƙwayar kafin in haɗiye ta.

Ranar Alhamis, da na san ya tafi sallar azahar, na je na sami Zulaiha ita kaɗai. Na ajiye mata ƙwayoyin.

"'Yata, duba mini wannan. Na gaske ne?"

Ta juya su, ta ɗauko kwalbar ta gwada lamba da lamba. "Na gaske ne, Baba, kuma shi likita ya rubuta. Me ya sa ka tambaya?"

Da na tsaya nan, da shi ke nan. Amma na riga na zo da ambulan guda shida a aljihu, biyu tsofaffi, huɗu na baya-bayan nan, na shimfiɗa mata su. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan rubutun 1990, ta kai shi kan zanen bana.

"Yaushe ya daina hawa keke?" ta ce.

Tambayar ta ba ni mamaki. Na yi lissafi na ce wajen shekara uku ke nan. Ya ce 'yan acaɓa sun ɓata titi, ya koma hawa bayansu.

Ta ce ta gode, ta mayar mini da ambulan ɗina. Ba ta rubuta komai a littafin ba, wannan ya fi damuna. Na fito ina jin kamar na kai ƙarar maƙwabci wurin 'yan sanda ban san laifin da na ɗora masa ba.

Azumi ya zo ya wuce. A azumi Malam Mahmudu yakan bi likita har ofis a mayar wa masu azumi maganinsu na sahur da buɗa-baki, bana ma ya yi. Disamba da Janairu na karɓi magani kamar kullum, da barkwancinmu kamar kullum, sai dai na daina kallon idonsa. Bappa ya ce ya ji Zulaiha sau biyu tana roƙon Malam su zauna su yi magana, yana cewa sai an rage layi.

Ranar Juma'a ta farkon Fabrairu, yana masallaci, Zulaiha ta sauke duk kwalaben ɗakin ta sake jera su bisa haruffa. Ta ce masu duba asibiti za su zo kafin wa'adi, kuma haka suke so su gani. Da ya dawo an riga an rufe taga, don ranar Juma'a rabin yini ake yi, Asabar da Lahadi kuma ba nasa ba ne. Bappa ya rantse ya so ya gaya masa, aka aike shi sayen man janareta.

Ranar Litinin ni ne na farko a taga, ƙarfe takwas saura kwata.

"Akawu, jinin ya sauko?"

"Yana nan."

"Me likita ya ce?"

"Ba canji."

Ya juya ya kai hannu kanta ta biyu, wuri na huɗu daga hagu, inda hannun ya saba zuwa. Ya ɗauko kwalba ya kaɗa. Sai ya tsaya. Ya sake kaɗawa a ɗaya kunnen. Ya buɗe, ya shinshina, ya zuba ƙwaya ɗaya a tafinsa ya murza. Ya mayar da ita, ya taɓa ta kusa da ita, ya taɓa ta gaba. Daga inda nake tsaye ina iya karanta sunan maganina da manyan haruffa a kanta ta sama, daidai goshinsa. Ya ɗaga kai ya kalli wurin, idonsa ya wuce.

A nan na gane. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina kama kuskuren lamba a takardun mutane, wata uku ina zargin alli a cikin kwali.

A bayana akwai wani maigida da matarsa suna jiran layi. Zulaiha ta miƙe daga teburinta amma ba ta matso ba. Yana iya zuba mini abin da ke hannunsa ya ja zane biyar, ni kuma in tafi. Na ga hannun ya ɗan tsaya a kan murfin. Sai ya ajiye kwalbar a kan faranti.

"Hajiya ƙarama," ya ce, bai juyo ba. "Zo ki ba Akawu maganinsa. Ba na gani."

Ta zo ta ɗauko, ta ƙirga, ta miƙo mini. Shi kuwa ya zauna a kan kujerarta, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Tun yaushe, Baba?" ta ce a hankali.

"Ke kin sani. Tun zuwanki kike kallona."

"Na roƙe ka mu yi magana."

"Kin roƙa."

Daga baya, a baranda, ya faɗa mini sauran. Shekara huɗu ke nan hazo na rufe shi. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana ganin mutum amma ba ya ganin harafi. Ya san kowace kwalba da wurinta da nauyinta da ƙarar da take yi. In sabon kaya ya zo, sai ya sa ɗan dako ya karanto masa kwali, wai yana gwada karatunsa. Masu zuwa kullum ya haddace maganinsu. In baƙo ne, sai ya ɗauki kati ya je ya yi wa likita tsiyar rubutu har likita ya faɗa da baki.

"Jarrabawar ba ta fi ƙarfina ba, Akawu. A tambaye ni da baki, in ba su amsa har su gaji. Amma takarda za su ajiye mini."

"Kai da kake cikin asibiti, ka kasa nuna idonka?"

"In nuna wa wa? Wanda zai sallame ni?"

Washegari ya zo da wani ƙunshi a tsohon ɗankwali, ya kwance a gaban likita da Zulaiha da ni. Takardar shaida ce ta 1964, da sunansa, da sa hannun Sistar, da jan hatimi. A samanta akwai ɗan gicciye. Bappa ya leƙo ta taga.

"Ban faɗa ba!"

"Ka faɗa, Bafulatani," in ji Malam Mahmudu. "Shekara talatin da takwas tana rataye a ɗakina, liman ya sha zama a ƙarƙashinta. Ba ta taɓa hana shi cin tuwona ba."

Ya ajiye makullan ɗakin magani a kan takardar, sannan ya zare takardar ya bar makullan. Likita da kansa ya kai shi asibitin ido a motarsa. Suka ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci jijiya. Da shekara huɗu baya ne, da ɗigon magani ya tsayar da shi. Maganin yana nan a kantarsa ta sama, na biyu daga dama.

Sunansa bai shiga rajista ba. An ɗauki wani mai sabuwar takarda, Muhammad Sani, yana aiki a ƙarƙashin Zulaiha. Yanzu ana manna wa ambulan takarda bugaggiya, amma na lura a bayan na masu gadi da kuku tana jan zane biyar da biro. Ban taɓa tambayarta ko masu duba asibiti ne suka sa ta sauke kwalaben nan ba, ko kuwa ta zaɓi Juma'a ne don ta san Litinin tawa ce. Bappa har ya bar aiki bai gaishe ta da sakin fuska ba. Salomi kuwa cewa ta yi yarinyar ta ceci rayuka, in daina neman abin da ba ya nan.

Bayan bikin Ista na je Gama na sami Malam Mahmudu a zaure, a kan buzu, rediyo na gefensa. Ya gane takuna tun daga waje.

"Akawu, kawo in ji abin da suke ba ka."

Na miƙa masa. Ya zazzage ƙwaya biyu a tafi ya murza.

"Shi ne. Sun canza kamfani, amma shi ne." Ya mayar mini. "Kai ka kai mata ambulan ɗin nan, ko?"

Na ce ni ne. Na ce na zaci jabu yake ba ni.

Ya yi dariya har da tari. "Jabu! Ni?" Sai dariyar ta tsaya. "Da tun bara waccan ka kai."

Na sa ambulan ɗin a aljihu.

"Akwai wata mata," ya ce, "matar wani mai ban ruwa, daga wajen Katsina. Damina biyu ke nan. Baƙuwa ce, layi ya yi tsawo, likita ya fita. Na ce mata me likita ya ce, ta faɗa mini abin da ta ji. Kwalabe biyu ne a jere, ƙararsu kusan ɗaya. Na ba ta. An ce ta dawo bayan mako biyu, ba ta dawo ba."

"Wataƙila ta warke."

"Wataƙila. Ko sun koma gida." Ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda haske yake. "Kai da kake yawo a unguwar, in ka ga mai ban ruwa Bakatsine, dogo, mai tsage a kumatu, ka tambayar mini shi."

Na yi alkawari. Na bi gidaje goma sha ɗaya a layinmu da na bayansa, na tambayi masu gadi. Biyu sun ce sun san shi, ɗaya ya ce ya koma Abuja da maigidansa, ɗaya ya ce ba shi da mata. Sauran suka dube ni suka ce, wa ya aiko ni?